Kawu Nomau da Tekun Ƙanƙara

Duk wanda ya gaisa da Kawu Nomau a Guangzhou sai ya ga hoton nan. Kafin ka gama "ya kasuwa?" ya zaro shi daga aljihu: tsohon hoto baƙi-da-fari da ya samo wajen 'yan gwanjo a unguwar Liwan, bakin teku can arewacin China, ruwa ya daskare, wani mutum tsaye a kai.

Ya kai shi Maraɗi, ya nuna muku a majalisa. Kun dai tuna abin da kuka ce: "Nomau ya fara ƙarya, teku ba ta daskarewa, zane ne!" Kalmar nan ta ci masa rai, shi da ko kan farashin wando bai taɓa ƙari ba.

Da ya dawo Guangzhou sayen kaya, lokacin ina karatu a can, ya ce, "Ɗana, tahiya ta kama mu. Sai na tsaya bisa ruwan nan da ƙahwata."

Na ce mu ari kyamarar zamani. Ina! "Waccan da ake liƙa kan mutum bisa jikin doki? Ta fim nika so." Muka karaɗe shaguna, kowane mai shago sai ya ce "meyo", wato babu. Kawu ya ce, "Meyo ɗinku! Ku duba ƙarƙashin tebur." Wallahi a shago na ƙarshe can aka same ta.

Kusan kwana biyu muna jirgin ƙasa. A bakin tekun sanyi kamar zai cire kunne, amma ya tuɓe rigar sanyi, ya saɓa farar shaddarsa ta Sallah. "In ban sa ta ba, wa za ya gane ni?" Haƙorana na kaɗawa na ɗauke shi hoto.

Da aka wanke, shadda fara, ƙanƙara fara, sama fara. Hula da fuska kawai suka fito, suna reto a iska. Da ya kawo muku, kuka ce aljani ne, kuka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bai yi fushi ba. Ya ba da ɗinkin shuɗiyar riga, ya ce baɗi ma rana ce. Tela bai gama ba ajali ya riga shi.

To ni na taka tekun nan tare da shi, ku shaida. Kawu bai yi ƙarya ba, kuma ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.