Injin da Muka Raba Biyu da Shehu

Shekara goma sha tara ina jiran Shehu bakanike ya buɗe mini bonet ɗin mota guda, bai buɗe ba. Ranar Talata da hantsi ina zaune bakin gidana a Ƙofar Atiku, sai ɗansa Aminu ya sauka daga babur, ya durƙusa ya ce, "Baba Garba, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji kunyar kaina, domin bayan salati abin da ya fara faɗo mini a rai bonet ɗin nan ne.

Ban yi boko ba, idona kuma ya yi yana. Ina faɗa ne ɗiyata tana rubutawa.

Ni mai fentin mota ne, shi mai inji. Rumfarsa tana jikin tawa a Sama Road tun muna da baƙin gashi. Ban taɓa ganin ya tayar da inji bai yi bisimilla ba. Yakan dafa sukudireba a jikin ƙarfe, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu daga nesa. In mai mota ya matsa masa, sai ya ce, "Bari ta gama faɗin ciwonta." Randar ruwan sanyi da ke bakin rumfarsa ba ta taɓa bushewa ba, masu keke da 'yan talla duk nan suke sha.

Mahaifinsa bafataken hatsi ne, ya bar masa wata tsohuwar mota mai zagayayyun fitilu kamar idon saniya. Shehu ya sauke injin, ya wanke shi da fetur ƙusa-ƙusa, ya ce in fesa masa shuɗi irin na asali. Na ce sai an fara da shimfiɗa, wato fentin ƙasa da yaran yanzu ke kira firaima, shi ke kama ƙarfe ya hana tsatsa.

Ya ce, "Garba, inji wuta ne, ba ƙofar ɗakin amarya ba. Shimfiɗarka tana jin zafi za ta ɗaye, ta tafi da shuɗin."

Na ce, "Kai da ba ka san bambancin shuɗi da kore ba sai an hwaɗa maka, mi ka sani ga fenti?"

Ya yi dariya ya ce to a raba. Gefen dama nawa, na yi masa shimfiɗa. Gefen hagu nasa, shuɗi a kan ƙarfe tsirara. Ya mayar da injin, ya rufe bonet gaban mutanen gareji ya ce sai ta shekara goma a duba. Tun ranar ake kirana Garba Shimfiɗa. Har yaran da na koya wa riƙon bindigar feshi, in na ba da baya, haka suke kirana.

Da goma ta cika na je. Ya ce, "Ƙarfe bai gama magana ba." A gidansa na Runjin Sambo yake buɗe ta in zai yi gyara, ban da gabana. Amma duk Juma'a bayan sallah yakan ɗauke ni mu fita bayan gari. Yanzu in na kishingiɗa da azahar, can nake ganina: gero ya yi kai hagu da dama, iska na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa, injin yana numfashi a hankali kamar jariri ya ƙoshi. Wani lokaci sai in ga bonet ɗin ya zama ruwa, ina hango shuɗin a ƙasa yana motsi, in na sunkuya in duba sai ruwan ya gurɓace. Shehu yana tuƙi da hannu ɗaya.

Ranar addu'ar uku na yi wa Hajiya, mai ɗakinsa, ta'aziyya daga bakin labule. Ta ce, "Malam Garba, kowace shekara kafin damina sai ya sayo ɗan gwangwanin shuɗi, ya buɗe motar nan ya shafe gefe guda. Guda kawai."

Na ce, "Wane gefe?"

Ta ce, "Ni ban san dama da hagun inji ba."

Tun ranar ban da sukuni. In nasa yake shafawa, ni ke da gaskiya, ya bar ni da sunan banza shekara goma sha tara. In nawa ne, ashe tuni shimfiɗata ta ɗaye, shi kuwa ya yi ta rufa mini asiri da burushi, ni ina ta yi masa gori a bainar jama'a. Ban san wanda zan iya ɗauka ba.

Allah ya jiƙan Shehu, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya maƙogwaron masu wucewa. Ko wane gefe ya shafa, na yafe, shi ma Allah ya sa ya yafe mini bakina. Allah ya ba Hajiya da Aminu da ƙannensa haƙuri, ya tsare musu bayansa.

Aminu, makullin yana hannunka. Na ji dillalai sun fara zagayar motar. Kafin kowa ya taɓa ta, ka buɗe, ka sa farce ka kankare dama, ka kankare hagu, ka ga inda shuɗi ya hau kan shuɗi. Idona ba zai gani ba, sai abin da ka faɗa mini. Kada ka tausaya mini irin na ubanka. Ina nan bakin gida, ka zo ka ba ni amsa.