Kwana Takwas Muna Ba Makka Baya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ana iya yi masa gardama a kan komai ya yi dariya, ban da a kan alƙibla. Gadonsa ne. Tun zamanin da Ingilishi da Faransi suka ja iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, kakansa ne ke tsayar wa mutane gabas in za a kafa masallaci. Shi ma haka ya tashi. Daga Araba har Lafani, in za a zuba tubalin masallaci, sai an zo da babur an ɗauki Alhaji. Ya tsaya ya dubi sama, ya miƙa sandarsa, magana ta ƙare.

To wannan mutumin ne na bi zuwa Koriya. Sana'arsa kayan gyaran mota, kuma masu aiko masa da kaya suka ce ya zo ya ga ƙasarsu, har da iyali. Ni da ban taɓa wuce Makka ba, sai ga ni a jirgi ina kallon ɗan talabijin ɗin da ke jikin kujera, mai nuna inda aka kai. Da idona na ga mun zo daidai ƙasar Larabawa, mun wuce, mun yi ta tafiya har ta koma can bayanmu. Alhaji kuwa na barci.

Mun sauka Siyol, babban birninsu. Kai, mutanen nan akwai tsabta. Na nemi leda ɗaya a titi ban gani ba. Kowa sauri yake kamar an aike shi, kowa ya gan ka sai ya ɗan sunkuya. Abincinsu kuwa kabeji ne da aka bari ya yi tsami aka barbaɗe shi da barkono, safe da rana. Na ci don kunya, na koma ɗaki na dama furar da na ɓoyo a jaka.

Washegari Alhaji ya tsaya a taga ya ga inda rana ta fito, ya shimfiɗa darduma ya fuskanci wurin. Na ce, "Alhaji, anya? Ai mun wuce Makka, a baya munka bar ta."

Ya juyo ya dube ni. "Hajiya, mi kinka sani game da gabas? Rana ɗaya ce a duniya. Inda ta fito nan ne gabas, ko a Koriya ko a Darna."

Shekara talatin da aure, na san inda magana ke tsayawa. Na bi shi muka yi salla. Amma raina bai kwanta ba, don salla ba abin wasa ba ce. Da ya fita ganin mutanensa, sai na juya dardumata wajen faɗuwar rana na sake. Haka na yi ta yi, kowace salla sau biyu, ɗaya don Allah ɗaya don zaman lafiya.

Aka haɗa mu da wata mata mai yi mana tafinta, ba Musulma ba ce, amma akwai kirki. Ta kai mu birnin Busan a jirgin ƙasa mai gudu kamar iska, muka ga teku da kasuwar kifi inda ake sayar da wasu halittu da ban yarda kifi ne ba. Daga nan ta kai mu wani ɗakin bautarsu a kan dutse. Gaskiya wurin ya yi kyau. Katako ne aka yi wa fenti kore da ja, ga fitilun takarda rataye, ga ruwa mai sanyi na fita daga dutse da ludayi a ajiye don mai ƙishi. Ana cire takalmi a ƙofa kamar namu. A ciki wani ƙaton mutum-mutumi ne mai ruwan zinare a zaune, tsofaffin mata na ta faɗuwa gabansa suna tashi, har gwiwata ta yi mini ciwo don kallo.

Alhaji ya girgiza kai cike da tausayi. Ya ce, "Allah sarki. Ga himma, ga ladabi, amma ba su san inda ake fuskanta ba." Daga nan ya fita gindin wata bishiya, ya duba inuwa, ya kabbara Azahar ya ba Makka baya, ni ina biye. Wallahi dariya da takaici suka taru suka kama ni.

Ranar Juma'a muka koma Siyol, tafintar ta kai mu masallaci a kan tudu. Mata a sama muke, ina hango maza. Na ga Alhaji ya shiga ya tsaya cak. Sahu duka sun fuskanci yamma. Har ya kama hannun rigar wani dattijo mai farin gemu yana nuna masa mafitar rana, wai zai gyara wa masallaci guda. Dattijon ya yi murmushi, ya zana wani abu da yatsa a tafin hannunsa, nan mu, nan Makka. Na ga kafaɗun Alhaji sun sauka. Ya shiga sahu. A nan dariyar ta bar ni, tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba.

Muka koma masauki. Da muka shiga ɗaki ya yi alwala ya fara ramuwar sallolin kwana takwas. Can ya sallame ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki tashi ki rama naki."

Na ce, "Ni ba ni da ramuwa, Alhaji. Kullum in ka fita sai na sake."

Ya ce, "Kwana takwas?" Na ce kwana takwas. Ya tashi ya ci gaba da sallarsa.

Da muka dawo Illela zaure ya cika da masu sannu da zuwa, ina jin su daga tsakar gida. Ya ba su labarin jirgin ƙasa, da kifi, da mutum-mutumin zinare. Wani ya ce yaya mutanen suke. Alhaji ya ce, "Mutanen kirki. Sai dai ƙasar tasu a karkace take." Aka yi ta salati ana jinjina yadda ya gano. Ni dai na ci gaba da tankaɗen garina, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau da ba ya nan.

Bayan wata biyu muka tafi ta'aziyya wani ƙauye bayan Ƙonni, aka sauke mu a ɗakin da bai sani ba. La'asar ta yi. Ya ɗauki darduma ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa, sannan ya rage murya ya ce, "Hajiya, ina kinka ga ya dace mu fuskanta?"