Layar da ta Riƙe Allurar Mai

Kawuna na Limancin Kona yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni, kuma kullum allurar manta tana nuna tanki a cike yake. Shi ya ce albarkar layar da ya soke a gefen gilashin allurar ce. Ni kuwa da nake turin motar duk sanda ta mace a hanyar Kufena, ban ga albarkar komai ba sai ciwon baya.

Ran nan na gaji, na ja shi wajen wani makanike a Gyallesu. Mutumin ya ƙwanƙwasa tanki, ya ji wayam. Ya bi waya har gaba, lafiyarta lau. Sai ya leƙa gilashin nan da ya tsage tuntuni, ya ce, "Allah gafarta Malam," ya zare layar. Ashe bakinta ne ya shige ta tsagar ya tokare allurar. Nan take allurar ta faɗo ƙasa.

Na ce, "To, Kawu, ka gani?"

Ya harare ni. "Na gani mana. Yana cire ta man ya ƙare. A mayar mini da abata!"

Aka mayar. Allura ta koma sama, ni na koma bayan mota.