Jirgin da Inna Ta Shafa Wa Man Gyaɗa

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har sunayen waɗansu ƙawayena sun ɓace mini, amma shekarar da jirgin sama ya kwana a zauren gidanmu a Dogon Dutsi ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Maigidana kafinta ne, amma aikin kafinta a garinmu bai taka kara ya karya ba, ƙofa ɗaya yau, kujera ɗaya wani watan. Saboda haka da an cire amfanin gona sai ya ɗaure kaya ya bi 'yan cin rani zuwa Ikko, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Yana can na haifi ɗana na biyu, kuma yaron ya koma tun uban bai gan shi ba. A wannan kakar ina ɗauke da wani cikin. Ban ce masa kada ya tafi ba, don ba a yi mini tarbiyyar faɗin haka ba, amma Allah ya san abin da nake roƙo.

Sai ga shi wata rana ya shigo da wani abu lulluɓe da tsumma, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, shi ne ya ba shi. Wani Bature malamin makaranta da ya koma ƙasarsu ya bar ƙashin ɗan ƙaramin jirgin sama a cikin kabad, ya haɗa shi amma bai rufe ba, da 'yan fallayen katakon da za a rufe shi da su. Direktan yana son a gama shi a ajiye a aji kafin manyan baƙi su zo duba makarantar. Ya kuma ce in aikin ya yi kyau, gyaran kujeru da teburan lakwal na ranin nan duka na maigidana ne. Da na ji haka sai na zauna. In jirgin nan ya yi kyau, maigidana ba zai je Ikko ba.

Da ya yaye tsumman sai na ga abin mamaki. Tsawonsa ya kai hannun babban mutum, duk haƙarƙari ne a jere kamar kifin da aka cinye namansa. Ya ce in ɗauka. Na tattara ƙarfina, sai na ji hannuna ya yi sama, don ko nauyin mafici bai kai ba. Katakon fari ne, mai laushi kamar totuwar kara, in ka danna farce sai ya shige. Na ce, "Malam, wanga itace a wane daji yake fita?" Ya ce shi ma bai sani ba, direkta ya ce sunansa balsa, daga bayan teku ake kawo shi, kuma ko a Yamai ba a samun sa. Fallayen a ƙidaye suke. In ɗaya ya lalace babu madadinsa.

Na ce, "To, in an gama zai tashi?"

Ya yi dariya ya ce, "Da takarda za a rufe shi, da ya tashi. Wanga na kallo ne, katako za a sa mishi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Jirgin da ba ya tashi, kuma mutum mai hankali ya ɓata lokaci a kansa! Amma da ya fara aikin sai na daina tambayar amfaninsa, na koma tambayar yadda ake yi. Kullum in na gama abincin rana sai in ɗauko kujerata in zauna a bakin zaure. Ya fara goge haƙarƙarin da takarda mai yashi har sai da ya bi da yatsa bai ji tudu ba. Sa'an nan ya yanka fallayen da reza, sirara sirara, ya riƙa jera su a jikin jirgin kamar yadda ake jera zana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lanƙwasawa. Sai ya jiƙa tsumma ya shafa wa falle ruwa a baya kaɗai, mu zuba ido, katakon ya riƙa dunƙulewa da kansa kamar busasshen ganye. Ya sa gam a kan haƙarƙari, ya ɗora, ya kafe da allurai, ya naɗe da ƙyallen tsohon zanena da na yayyaga masa. In ya sa falle a dama sai ya sa ɗan'uwansa a hagu. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya cika gefe ɗaya, gam zai ja jirgin ya karkace kamar bakin mai gatsine.

Uwar mijina, Inna, tana zaune tare da mu. Tsohuwa ce 'yar Matankari, mai tsabta da ƙarfin hali, kuma da yake maigidana ɗanta ne na fari ba ta taɓa kama sunansa. Ranar farko da ta leƙa zauren ta ja da baya tana cewa, "Ke, mi yaron ga ya kawo muna gida? Abu da haƙarƙari babu nama? Kada ya kwana nan, iskoki na son irin wanga wuri." Ta fi mako ba ta bi ta zauren ba, ta ƙofar baya take fita. Amma Inna ma mai son sani ce. Da jikin jirgin ya rufu ya yi sumul, sai na fara ganin ta tana tsayawa daga nesa, hannu a baya. Wata rana ta ce da ni, "Ashe dai yana da hannu, kamar ubanshi." A wurin Inna wannan babban yabo ne.

Aiki ya yi nisa. An rufe jiki, an rufe wutsiya da fiffiken dama, na hagu ma an rufe ƙasansa. Saura fallaye biyu na saman fiffiken, maigidana ya ajiye su a kan tabarma ya danne da littafin karatuna na yaƙi da jahilci don kada su lanƙwashe. Ranar kasuwa ya fita neman fenti, ni kuma na ja littafin na tafi ajinmu na manya, na bar fallayen a fili.

Da na dawo, ƙanshin man gyaɗa ne ya tare ni tun daga ƙofa. Inna na zaune a zaure, ta miƙe ƙafafu, ga kaskon mai a gefenta, ga fallayen nan biyu a cinyarta sun yi jawur suna ƙyalli. Fuskarta cike da murna.

Ta ce, "Zo ki gani. Na iske guda ya fara tsagewa a baki. Ku yaran zamani ba ku san itace ba. Wa ya taɓa aje sabon akushi da rani bai ba shi mai ba? Kin ga yadda yake sha? Ban taɓa ganin itace mai ƙishirwa kamar wanga ba. Na ce in gwada bisa ƙanana, in ya ga kyawunsu ya bar ni in yi ma babban."

Gaskiyarta ce ta wani gefen. A garinmu muciya, akushi, ludayin itace, ƙotar gatari, duk mai ake ba su don kada su fashe. Ni kaina a lokacin ban san ɓarna aka yi ba, har na ce mata sun yi kyau. Sai da maigidana ya shigo. Ya tsaya, ya ɗauki falle ɗaya, ya shinshina, ya danna da yatsa mai ya fito. Ya dubi uwarsa, ita kuma tana jiran godiya.

Ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Ya fita waje ya daɗe.

Daga baya ya nuna mini. Ya sa gam a kan fallen ya ɗora, da ya bushe ya taɓa shi da farce, sai ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. Gam ba ya kama mai. Mun gwada duk abin da muka sani. Na binne su a toka, na shanya a rana, na sa su cikin yashi mai zafi. Toka ta sha, ta sake sha, amma katakon nan ya riƙe mansa. Ya gwada fere wani katako na gida, ya ƙi yin siriri, sai karyewa. Ranar da na ga ya sauko da jakarsa ta tafiya yana duba igiyarta, ban iya cin tuwo ba.

Inna ta lura. Ta tsare ni a madafa ta ce, "Ke, faɗa mini gaskiya, man nan ne?" Na sunkuyar da kai.

Ya shafa wa jirgin fenti fari, ya bar saman fiffiken hagu a buɗe, haƙarƙari a waje. Da safen da zai kai shi, sai ga Inna ta yafa mayafinta na zuwa suna, ta ɗauki sanda. Ya ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Inda za ka." Ni ma na bi su, don ba zan iya zaman jira ba.

Direktan saurayi ne ɗan wajen Tibiri, mai tabarau. Ya zagaya jirgin, ya bi jikinsa da yatsa yana neman inda falle ya haɗu da falle, bai samu ba. Da ya iso fiffiken hagu ya tsaya, fuskarsa ta canza. Maigidana ya buɗe baki zai ce kuskurensa ne, Inna ta buga sanda a ƙasa, ta kira direktan da Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, kada ka saurare shi. Ni na ba itacenka mai. In kamu ne, ga ni. Amma kai ma ka faɗa mini, wane irin itace ne wanga da mai ke ɓata shi?"

Direktan ya cire tabarau ya dube ta. Sai ya fashe da dariya har da riƙe tebur. Ya ce, "Inna, ranar da aka sa ni lakwal, tsohuwata ta shafe allona na rubutu da man shanu don ya yi ƙarko. Alli ya ƙi kamawa, na sha bulala." Sa'an nan ya koma kan jirgin, dariyar ta ragu. Ya ce ba zai ɓoye ba, cikakke ya so baƙi su gani. Muna tsaye aka tashi yara shan iska, suka yanyame tagar ofis. Babu wanda ya kalli gefen da ya yi sumul. Duk fiffiken hagu suke nunawa, suna tambaya ko na gaske ma haka cikinsa yake, ko mutane a nan suke zama. Direktan ya saurare su, ya juya jirgin, ya sa buɗaɗɗen gefen yana fuskantar taga. Ya ce da maigidana, "Gobe ka zo da kayan aikinka. Kujerun ajin ƙanana sun fi lalacewa, da su za ka fara."

A hanyar komawa Inna tana gaba tana faɗa ita kaɗai, wai itacen Nasara ba shi da albarka. Maigidana ya mai da jakarsa saman rumbu. Da na haifi 'yata a tsakiyar ranin nan, shi ya yi mata huɗuba da bakinsa.

Na haifi waɗansu bayanta, kuma duk lokacin da na ɗauko maganin da ya yi wa babba aiki zan ba ƙarami, ko faɗan da ya gyara wannan zan yi wa wancan, sai in dakata. Abin da ya raya akushi shi ya kashe fallen jirgi, kuma hannu ɗaya ne mai ƙauna ya shafa musu. Tun daga ranar na koyi cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ka ba abu mai, tambayi wane irin itace ne.