Abin da Na Yi a Ofis Ranar Juma'a

A shekarun farko na dubu biyu ni matashiya ce da ta gama karatun kwamfuta a jami'a, kaina cike da abu guda. A can aka koya mana buɗaɗɗiyar manhaja, wadda ba a saye, kowa kuma yana iya duba cikinta ya gyara. Malamanmu sun sa ta a ɗakin kwamfutocin sashenmu, muka ga tana aiki lafiya lau, ni kuwa na fito ina ganin duk wanda bai koma kanta ba a baya yake. Da wannan zafin kan aka tura ni bautar ƙasa wata masana'antar jimar fatu a Challawa.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, kullum cikin ciwo, manhajarta ta faifan bogi ce. Wanda ya fi amfani da ita wani dattijo ne mai haɗa sinadaran rini, muna ce masa Baba. Da yatsa ɗaya yake danna ta, amma a cikinta ya tara awon kowane launi na kowane mai saye, aikin shekaru. Sau biyu na roƙi manaja ya bar ni in sauya manhajar, ya ce in bari tukuna. Baba ma ya ce in fara zama da shi ya nuna min inda yake ajiye abubuwansa. Na yi murmushi kawai, a raina ina cewa me zai nuna min.

Ranar Juma'a maza kan watse zuwa masallaci, injina su yi shiru, a bar ni ni kaɗai kusan awa biyu. Wata Juma'a na kwafe takardun da na gani, na goge komai, na ɗora sabuwar manhajar. Sai da na buɗe kwafin na ga babu awon rinin. Ashe tsohon shirin da Baba ke amfani da shi a wani lungu daban yake ajiya. Sai na ji takun mutane suna dawowa. A lokacin akwai fatun awaki a cikin ganguna suna jiran jan rini, kuma ranar Litinin za a ɗauke su.

Da manaja ya tsare ni, sai na ji bakina yana cewa cutar kwamfuta ce ta cinye komai, na sa sabuwar ne don ceto. Nan take ya juya kan Baba, ya ce shi ke kawo faifai daga shagunan buga takardu. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya koma wurin ganguna. Ya haɗa rinin da ka, launin ya fito da duhu, mai saye ya ƙi karɓa. Kafin wata ya ƙare aka sallame shi.

Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin teburina da butarsa da dardumarsa. Ya kira ni 'yarsa, ya ce tun ranar ya sani, domin babu mai zama a ofis lokacin Juma'a sai ni. Ya ce ya yi shiru ne saboda ni yanzu na fara, shi kuwa ya kusa gamawa. Na kasa ɗago kai, kuma ko a lokacin ban tashi na je wurin manaja ba. Wannan shi ya fi ci na har yau.

Manhajar ba ta da laifi, da ita nake aiki har gobe, na kuma sa ta a ofisoshi da dama. Laifin nawa ne, na raina mai yatsa ɗaya. Masu ɗokin kawo sabon abu, ku tambayi wanda ke zaune a kan kujerar kafin ku taɓa komai, in kun yi ɓarna kuma ku faɗa da bakinku tun da sauran lokaci. Bayan shekaru na nemi gidan Baba a Dorayi don in roƙi gafara, matarsa ce ta fito ta karɓi gaisuwata, ta ce an yi sadakar arba'in ɗinsa tuni.