Sunaye ukun da na ba mahaifiyata

Shekarun baya, ba a jima da samun mulkin kai ba, mahaifiyata ta fara ciwon kai da jiri. Ina saurayi lokacin, ina dillancin bisashe a kasuwar Dakoro. Ƙanenta, kawuna, haka ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye ya rasu, don haka na tsorata.

Na kai ta asibitin gari. Lokotoron da ke wurin ya ɗaura mata abin awon jini a hannu, ya jawo wani ƙaton littafi ya ce, "Sunan Inna?" Mu da muka tashi zamanin Nasara, in an rubuta sunan gidanku to aikin dole ne ke tafe. Sai na ƙaga suna na ba shi. Zuwa na biyu na manta wanda na faɗa, na sake wani. Na uku ma haka. Ni a dole mai wayo!

Ran nan ya ajiye alƙalami ya dube ni. "Samari, mata uku gare ni a littafin nan, duk zanen fuskarsu ɗaya, duk kai ke kawo su. Kowace zuwa ɗaya ta yi, ta yaya zan san ciwon gaba yake yi ko baya?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya jera awon nan uku wuri guda, sai ga shi jininta hawa yake kowane wata. Da na ba shi labarin kawuna, ashe shi ma ya taɓa zuwa awo wurinsa. Ya buɗo shafinsa, hawan iri ɗaya sak. Ya ce, "Shi ya makara. Ita da saura."

Ya hana ta gishiri mai yawa da tabar da take taunawa da kanwa, ya ce duk ran kasuwa ta zo awo. Ta yi ta mita wai na haɗa kai da baƙo an mai da miyarta ruwa. Amma awon ya riƙa sauka, har ta goyi 'ya'yana huɗu.

Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a. Yanzu ni ma tansiyon, wato hawan jinin nan, ya kama ni, kuma in na je awo, tun kafin a tambaya nake faɗin sunana, har da na ubana da na kakana.