Hular Sanyin Autanmu

Da autanmu yana ƙarami, idan maƙwabcinmu ya tada janareta a unguwarmu ta Gangare a Jos, ihun yaron nan har Gada Biyu ake ji. Wasu sun ce har Bauchi, amma ni ban je na tambaya ba. Zai cusa yatsu a kunne, ya kwanta a ƙasa yana birgima, Umma na binsa da zani. Baƙo ya gaishe shi, sai ya kalli takalmin baƙon kamar shi ne ya yi maganar. Likita ta ce sunan abin otizim. Matan layinmu kuwa, waɗanda kowacce ta fi likita sani, suka ce zai bari idan ya girma.

To, ya girma. Yanzu har gemu gare shi, ya ma fi nawa. Yana aiki wajen wata madam Bayarabiya mai sayar da dankalin Turawa, yana ware manya da ƙanana. Gaisuwa kuwa, Umma ta koya masa har ta yi yawa. In ya kama ka, sai ya tambayi gida, aiki, sanyi, gajiya, yara, ko da ba ka da ko ɗan akuya. Kana sauri ko ba ka sauri, sai ya kai ƙarshe.

Yatsu a kunne ya daina. Sai dangi suka yanke hukunci cewa ya warke. Goggo ta ce rubutun malaminta ne. Madam ɗinsa ta ce ita ce ta sa shi a addu'a a coci. Kowa ya zo ya karɓi lambar yabo, aka bar hula ko sannu ba a yi mata ba.

Hular sanyi ce ta ulu, Umma ta tsinto a gwanjo, ta ɗinke mata soso daidai kunnuwa ta ciki. Tun daga nan kansa bai rabu da ita ba, in hular ta mutu a sake wata irinta sak. Kuma Jos ta rufa masa asiri, don a garin nan ko da rana tsaka ka ga mutum da hular sanyi ba ka cewa komai, sai dai ka ce ya fi ka wayo. Banda hula, gidanmu gaba ɗaya ya koyi tafiya a hankali. Umma ba ta daka sai ya fita. Ni da nake magana kamar mai kiran fasinja a tasha, in na shigo zaure sai na rage murya kamar wanda ya zo zance. Shi kuma in ya dawo daga kasuwa bayan gaisuwar nan tasa, ɗaki yake shiga ya lulluɓa da bargo, kada wanda ya ce masa ko uffan sai ya huce. Wannan dangi ba sa gani.

Ana haka Kawu ya zo daga Kano. Autanmu ya zuba masa gaisuwa tun daga sama har ƙasa, Kawu ya ji daɗi har yana gyara zama. Nan take ya ce tunda yaro ya warke, zai tafi da shi Kano ya tsaya masa a shagon atamfa a tsakiyar kasuwa, ya zama mutum. Umma ba ta iya musu da yayanta, sai ta kama murza bakin mayafi. Ni na san kasuwar nan: janareta a kowace kusurwa, lasifika, ’yan dako, ga zafin da ƙwai zai dahu a aljihu. Na fara kame-kame, na ce ai madam ba za ta sake shi ba, dankalin Filato duk zai rikice. Kawu ya ce in rufe masa baki, tun ina yaro surutu ne sana'ata.

Sai ya juya wajen autan ya ce, da farko a cire wannan hular, a Kano hular mutunci ake sawa.

Na ce a raina shi ke nan, yau za a ga birgima da gemu.

Autan ya dafe hular da hannu biyu, yana ɗan jijjiga gaba da baya, idonsa a kan takalmin Kawu. Sannan ya ce, "Kawu, a Kano akwai sanyi?"

Kawu ya yi dariya ya ce, ɗan kaɗan, shi ma na ’yan watanni.

"Akwai janareta?"

"Ko'ina."

"To ba zan je ba. Kunnena yana ciwo. Na gode, Allah ya kiyaye hanya, a gaida gida, a gaida yara."

Ya tashi ya shige ɗaki, muka ji ya ja bargo.

Kawu ya kalli Umma ya ce, ashe dai bai warke ba. Umma, wadda ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ta ce, "Yaya, dā ihu yake yi. Yau ya gaya maka da baki."

Kawu ya buɗe murya zai yi faɗa, sai ya ga ni da Umma duk mun ɗora yatsa a leɓe. Haka ya ƙarasa faɗan nasa cikin raɗa, washegari ya koma Kano shi kaɗai.